Yadda Ake Kama Tuna Mai Ɗigo Da Fatsa A Tekun Atlantika

Tuna mai ɗigo yana cikin ƙananan dangin tuna, kuma yana cikin waɗanda suka fi matsowa kusa da gaɓa a ɓangaren Afirka ta Yamma na Tekun Atlantika, tun daga Dakar, Abijan, Takoradi, Tema, Lome, Legas har gaɓar Kamaru. Akwai shi a Bahar Rum, akwai shi a gabashin Amurka har Barazil. A littattafan kimiyya sunansa Euthynnus alletteratus, a ƙasashe renon Faransa kuma ana ce masa tonin. Zuri'arsu ɗaya da titus ɗin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Yawancin waɗanda fatsa ke kamawa daga kilo 2 ne zuwa 6, mafi girman da aka rubuta kuwa ya ɗan haura kilo 16. Mutanenmu na Abijan sun san namansa ko da ba su taɓa shiga jirgi ba, domin yana cikin ƙananan tuna da ake saukewa a tashar jiragen ruwan birnin, masu sayar da abincin titi da ake kira garba, waɗanda da dama daga cikinsu Hausawan Nijar ne, su soya su haɗa da aceke, wato garin rogo da aka turara.

Duk tsarin kamunsa ya rataya a kan halinsa: idonsa na da kaifi, gudunsa ya wuce misali, jikinsa kuma cike yake da jini. Kaifin ido shi ke tilasta siririn zare, gudu shi ke tilasta birki mai laushi (abin da ke riƙe zare a manaɗi, ya sake shi in kifi ya ja da ƙarfi), jini kuma shi ke tilasta ƙanƙara.

Gane shi kafin komai

Dubi bayansa. Daga tsakiyar fiffiken baya na farko zuwa wutsiya akwai zane baƙi mai lanƙwaye-lanƙwaye a kan shuɗi mai duhu. Sai ka dubi ƙasan fiffiken gefe, wajen ƙirji: za ka ga ɗigo baƙaƙe, daga 3 zuwa 7. Wannan ɗigon shi ne shaidar da ba ta ƙarya, sai dai yakan dushe bayan kifin ya mutu, don haka a duba da wuri. Fiffiken bayansa biyu kusan a haɗe suke. In ka ga tazara mai faɗi a tsakaninsu, ɗan'uwansa ne ƙarami da ba ya kai shi girma. In zanen bayan miƙaƙƙe ne a karkace kuma bakin na da haƙora fitattu, bonito ne. In kuma zanen a ciki yake, dogaye daga ƙirji zuwa wutsiya, wannan shi ne tunan da aka fi cusawa a gwangwani.

Ba shi da jakar iska a ciki irin ta yawancin kifaye, kuma sai yana tafiya baki buɗe ruwa ke ratsa kunnuwansa ya yi numfashi. Shi ya sa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya saba jefa tana ya zauna jiran tarwaɗa, to ya ajiye wannan haƙurin a gida.

Inda yake da lokacin da yake ci

Ruwan ɗumi yake so, wajen digiri 24 zuwa 30, kuma garke-garke yake yawo yana bin ƙananan kifaye irin su shawa da 'ya'yan kifi masu sheƙi. Inda abincin ya taru nan yake. Wuraren da suka fi ba da shi su ne bakin kogi inda jan ruwa ke haɗuwa da shuɗin teku, kamar bakin Volta a Ada. Ƙarshen ganuwar duwatsun tashar jirgi, irin ta Tema da ta mashigar Legas. Kan tudun duwatsun ƙarƙashin ruwa. Da layin nan da kumfa da tarkace ke jeruwa inda gudun ruwa biyu suka gamu. A gaɓar Gana, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yakan taso, shawa ta yi yawa, manyan kifaye su biyo ta.

Sa'o'i biyu na farkon safiya da na gab da magariba sun fi, musamman in sun dace da lokacin da teku ke cikowa ko janyewa. In ruwa ya tsaya cak tsakanin cika da janyewa, cin yakan mutu.

Babbar alama tsuntsaye ne. Tsuntsun da ke shawagi can sama nema yake yi. Wanda ya sauko ƙasa-ƙasa yana tafiya gefe ɗaya da sauri, garke yake bi. In kuwa sun taru suna faɗawa ruwa, ƙasansu kuma ruwa na tafasa da farin kumfa, ci ake yi. Sau da yawa wannan tafasar ba ta kai minti ɗaya, sai garken ya nutse ya ɓullo can gaba.

Kayan aiki

Sanda mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.4 ta isa a cikin jirgi. Daga kan duwatsu a nemi mai mita 2.7 zuwa 3 don nisan jifa. A jikinta ana rubuta nauyin ƙoton da take ɗauka. Mai giram 15 zuwa 50 ita ce daidai.

Manaɗin zare ya zama mai lamba 4000 ko 5000, mai saurin naɗi, wanda juyi ɗaya na hannu ke janyo kusan santimita 90. Kwarkwaronsa ya ɗauki aƙalla mita 250. A nan ne bai kamata a yi rowa ba. Sanda mai araha za ta yi aiki, amma manaɗi mai birkin da ke kamawa yana saki, kifi ɗaya zai tona asirinsa.

Babban zare ya zama saƙaƙƙe, wanda aka rubuta 20 lb ko 30 lb a kwalinsa, wato mai ɗaukar kilo 9 zuwa 14. A bakinsa a ɗaura zaren gaba garai-garai mai kaurin milimita 0.40 zuwa 0.50, tsawon mita 1 zuwa 1.5. Nau'in fulorokabon ya fi, don bai cika bayyana a ruwa ba kuma yana jure gogar dutse. Kada a sa waya. Haƙoran wannan kifi ƙanana ne, ba sa yanke zare, waya kuwa yana hango ta ya kauce. In akwai barakuda, kifi mai kaifin haƙora, a wurin za ka yi asarar ƙoto ɗaya ko biyu, amma hakan ya fi wuni ba cizo.

Ƙoto iri uku sun wadatar: siririn ƙarfe mai sheƙi na giram 20 zuwa 40 don jifa, cokalin ƙarfe ƙarami, da gashin tsuntsu ko robar da aka yi da siffar ɗan kifi mai tsawon santimita 7 zuwa 10 don ja a bayan jirgi. Fari, ruwan azurfa, shuɗi da ruwan hoda su ne launukan da ake farawa da su. Girma ya fi launi muhimmanci. In kifi na farko ya shigo, sau da yawa yakan amayar da abin da ya ci; dubi tsawon wannan, ka zaɓi ƙoto daidai da shi.

Ƙoton kanti yakan zo da ƙugiya mai baki uku. Cire ta, ka sa mai baki ɗaya lamba 2/0 ko 3/0. Ta fi riƙewa, ta fi saurin cirewa, kuma kifin da ke karkarwa a cikin kwale-kwale da ƙugiya mai baki uku a baki, hannun mutum yake nema. Sauran kaya: filaya, wuƙa mai kaifi, safar hannu, bokiti, kula cike da ƙanƙara, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da rigar kariya daga nutsewa ga kowa da ke cikin jirgi.

Ɗauri da saita birki

Haɗa saƙaƙƙen zare da zaren gaba da ƙullin da ake kira FG, ko ƙullin uni guda biyu masu matse juna: zagaye 8 a ɓangaren saƙaƙƙe, 5 a ɓangaren garai-garai. Jiƙa ƙullin da yawu kafin ka matse, in ba haka ba zafin goga zai raunana zaren a daidai wurin. Bayan ka yanke bakin, sa safar hannu ka ja da ƙarfi. Ƙullin da zai kwance gara ya kwance a hannunka.

Birki ana saita shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zare, wato kilo 2 zuwa 3. Hanya mai sauƙi: zura zaren ta zoben sanda, ɗaura robar ruwa mai lita 2 cike a bakinsa, ka ɗaga a hankali. In zare ya fara fita daidai lokacin da robar ke barin ƙasa, ka samu kilo 2. Daga nan kada ka ƙara taɓa shi yayin da kifi ke gudu. Dalili kuwa, yayin da zare ke raguwa a kwarkwaro birkin da kansa yake ƙara ƙarfi. Ka ƙara matsewa a kai, zare ya tsinke.

Hanya ta farko: ja a bayan jirgi

Wannan ita ce hanyar neman kifi in ba a ga tsuntsaye ba, kuma ita ta fi dacewa da kwale-kwale mai inji.

Sa jirgi a gudun kilomita 9 zuwa 13 a sa'a. In ba ka da na'urar awo, dubi ƙoton: gashin tsuntsu ya riƙa tafiya dab da saman ruwa yana barin ɗan layin kumfa, lokaci-lokaci ya fasa ruwa. In yana tsalle yana wuntsilawa, gudu ya yi yawa ko zaren ya yi gajere. In ya nutse yana jan jiki, ƙara wuta.

Saki zare biyu ko uku, kowanne da nisansa: na dama mita 25, na hagu mita 35, na tsakiya mita 50. Na nesa shi ake fara saki, shi ake naɗewa a ƙarshe. Bambancin nisan shi ke hana su sarƙewa a kwana, kuma kwanar a yi ta da faɗi. Cokali yana juyawa, don haka dole a sa ƙaramin majuyin ƙarfe mita 2 zuwa 3 kafin shi, in ba haka ba cikin rabin sa'a zaren zai murɗe ya zama ba ya moruwa.

Wanda ba shi da sanda zai iya da zaren hannu. A samu zaren roba mai kaurin milimita 1, mita 60 zuwa 80, a sa majuyi, sannan zaren gaba na milimita 0.60 mai mita 3. A ɗaure gindin zaren a jikin jirgi, a kuma saƙala yankin robar cikin taya mai rabin mita a tsakani, yadda in kifi ya fizga robar ce za ta fara miƙewa. Ba tare da ita ba, ko zare ya tsinke ko bakin kifin ya yage. Zaren hannu ba a naɗa shi a yatsa ko a wuyan hannu ko kaɗan. Kifin kilo 5 a guje zai iya yanka nama har ƙashi. A jawo hannu bayan hannu da safa, ana zuba zaren a bokiti don kada ya naɗe ƙafar wani.

In ɗaya ya kama, kada direba ya kashe wuta nan take. Ya ci gaba daƙiƙa 10 zuwa 15, domin garke ne, sau da yawa na biyu da na uku za su kama. Sannan ya rage gudu ba tare da ya tsaya ba, don zare ya zauna a miƙe. In aka ga garke a sama, a zagaya ta gefensa yadda ƙoton ne zai ratsa bakin garken, jirgi kuma yana waje.

Hanya ta biyu: jifa cikin garke

Nan ne gwaninta take, nan ne kuma aka fi ɓata lamari. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a hango tafasa a taka inji a faɗa tsakiyarta. Garken zai nutse, abincin ya watse, kowa ya rasa, har da sauran jiragen da ke wurin.

Da farko tsaya ka karanci tafiyarsu. Kalli ɓullowa biyu ko uku, za ka gane gefen da suka nufa. Yawanci suna fuskantar gudun ruwa. Zagaya da nisa ka sha gabansu, iska tana bayanka don ta taimaki jifa. Da saura mita 40 zuwa 50, rage wuta ka bar jirgi ya sulale. Sauya ƙarar inji farat ɗaya ta fi tsorata su fiye da ƙara mai ɗorewa, don haka kada a riƙa kunnawa ana kashewa. Kafin a isa, ƙoto na rataye, yatsa na kan zare.

Jefa gaba da kan garken da mita 3 zuwa 5, ba inda ka ga kumfa ba, domin kafin ƙarfen ya sauka sun bar nan. Rufe manaɗi da hannu, sunkuyar da bakin sanda, ka naɗa da sauri iyakar ƙarfinka. Ba za ka fi shi gudu ba. Naɗi a hankali dama ce kake ba shi ya ƙare wa ƙoton kallo ya gane ƙarfe ne. In ka ga yana biye da shi bai kama ba, ƙara sauri, kada ka tsaya.

Cizo zai zo kamar an fizge sandar. Ba a buƙatar wani bugun ƙarfi don ƙugiya ta shiga. Ci gaba da naɗi har nauyi ya zauna, ka ɗaga sanda.

In garken ya nutse, kada ka bi shi da inji. Jefa inda suka ɓace, bar ƙarfen ya nutse kana ƙirga 10 zuwa 15, sannan ka naɗo da sauri. Sau da yawa suna nan ƙasa. Yawancin lokaci ma garken yakan dawo wurin da abincin yake, wanda ya zauna shiru ya fi mai zarya samu.

In jifa biyar ko shida suka ratsa garke ba cizo, canza abu ɗaya-ɗaya bi da bi: rage girman ƙoto, sannan rage kaurin zaren gaba zuwa 0.35, sannan ƙara tsawonsa zuwa mita 2, launi a ƙarshe. Ranar da suke cin 'ya'yan kifi masu tsawon gaɓar yatsa, babban ƙarfe ba zai yi komai ba.

Daga kan duwatsu ma haka ake yi, sai dai a riƙa jifa ko ba a ga komai ba, tare da bin gefen gudun ruwa. A sa takalmi mai kama dutse, kada a juya wa teku baya, kuma tun kafin jifar farko a zaɓi inda za a fito da kifin.

Akwai kuma ƙoto mai rai. Shawa ƙarama a soke ta a hanci da ƙugiya mai lanƙwasa ciki lamba 2/0 zuwa 4/0, ba dalma, a sake ta ta bi ruwa, ana watsa gutsattsarin kifi kaɗan-kaɗan don janyo garke. Da irin wannan ƙugiya ba a bugu. A naɗa kawai, ita za ta kama gefen baki.

Fama da shi

Gudun farko yakan cinye mita 50 zuwa 100. Bar shi ya tafi, sanda a ɗage rabi. In ya tsaya, ɗaga sanda a hankali, ka naɗa yayin da kake sauke ta. Naɗi yayin da zare ke fita murɗe zare kawai yake yi. In zare ya yi sako-sako farat ɗaya, kada ka ɗauka ya kuɓuce. Sau da yawa juyowa ya yi ya nufo jirgi, sai ka naɗa da sauri ka cim masa.

A ƙarshe zai sauka ƙarƙashin jirgi yana zagaye, kana jin karkarwar wutsiyarsa a sanda. Ja shi a rabin zagayen da yake nufowa waje, ka riƙe a rabin da yake shiga ƙasa, in ta kama ka tsoma bakin sanda a ruwa don zare ya kauce wa farfela. Kada ka miƙe sanda tsaye sama alhali kifi na ƙasanka. Yawancin sandunan da ke karyewa a nan suke karyewa. Kada kuma faɗan ya yi tsawo, minti 5 zuwa 10 ya isa, domin jinkiri yana gayyato kifin shak, yana kuma dafa naman da zafin jiki.

Gindin wutsiyarsa siriri ne mai tauri, kama shi nan da safa ka ɗago. In sakinsa za ka yi, cire ƙugiya da sauri ka cilla shi da kai cikin ruwa, don ruwa ya ratsa kunnuwansa.

Minti goma na farko bayan ya shigo

Masu cewa naman wannan kifi baƙi ne mai ƙarni, galibi wanda aka bari ya mutu a rana suka ci. Da ya shigo, buga masa kulki a ka tsakanin idanu, ko ka soki ƙwaƙwalwa. Ka ambaci sunan Allah, ka yanka zurfin santimita 1 zuwa 2 a bayan fiffiken gefe, dama da hagu, inda manyan jijiyoyin jini suke, ko ka yanke jan kunnen da yake numfashi da shi. Sa shi kai ƙasa a bokitin ruwan teku minti 5 zuwa 10. Fasa ciki, cire hanji da kunnuwa, ɗauraye da ruwan teku, sannan ka nutsar da shi cikin haɗin ƙanƙara kashi biyu, ruwan teku kashi ɗaya. Wannan haɗin ya fi ƙanƙara zalla saurin sanyaya shi domin yana taɓa ko'ina. A ƙasar zafi a lissafa kilo ɗaya na ƙanƙara ga kowane kilo na kifi.

Wannan ba zancen daɗi kaɗai ba ne. Naman dangin tuna in ya zauna a zafi, ƙwayoyin cuta suna haifar da sinadarin histamin a ciki, kuma suya, dahuwa, banda ko daskarewa ba sa kashe shi. Kifin zai iya zama ba wari amma ya illata mutum: jim kaɗan bayan ci fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, wani har amai da gudawa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa sa'o'i 6 daga mutuwar kifi a matsayin iyakar ƙarshe ta sa shi a ƙanƙara in zafi ya haura digiri 28, amma mai fatsa ba shi da dalilin wuce rabin sa'a. Naman da ya yi yaji-yaji a harshe alhali ba a sa barkono ba, a zubar. Wanda numfashinsa ya fara sarƙewa a kai shi asibiti nan take.

A gida a fitar da tsoka huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, a yanke baƙin layin naman da ke tsakiya, nan ƙarnin yake. A jiƙa sauran rabin sa'a a ruwan gishiri mai sanyi. Yana karɓar citta, tafarnuwa da lemun tsami, kuma yana bushewa in ya daɗe a wuta, don haka suya gajeriya. Banda ma tana karɓarsa ƙwarai, kamar yadda matan gaɓar Gana ke yi a murhun Chorkor.

Kafin fita, a tambayi shugaban masuntan wurin. A garuruwa da yawa na gaɓar Gana ba a shiga teku ranar Talata, kuma a wasu shekarun baya-bayan nan gwamnati ta rufe kamun kwale-kwale a watan Yuli. Ganuwar tashar jirgi sai da izini, dandalin haƙar mai kuma ba a kusantarsa ƙasa da mita 500. Bayan an dawo, a matse birkin manaɗi a ɗauraye shi da ruwan famfo a hankali, a goge, sannan a sassauta birkin kafin a ajiye. A yanke zaren gaba a ɗaura sabo, domin wanda ya yi fama da kifi biyu ko uku ya riga ya goge.